Makaranta a Ƙarƙashin Babbar Wayar Wuta: Wane Tsoro Ne Gaskiya?

Waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar makaranta za mu yi, musamman wurin da ake gina ta. Duk wanda ke zaune a sababbin unguwannin bayan gari ya san abin da nake nufi. Za ka ga manyan turakun ƙarfen nan na wutar lantarki sun ratsa unguwa, waɗanda muke ce wa hai-tenshan. Da daji ne a ƙarƙashinsu, yau gari ya cim musu. An fara da masu bulo da 'yan katako, sai shaguna, sai gidaje, yanzu har makarantun kuɗi da islamiyyu. Dalili a bayyane yake: filin wajen ya fi araha.

To sai ga saƙonni suna yawo a WhatsApp, wai duk yaron da ke karatu kusa da wayar nan kansa za ta kama shi, wai tana shanye jini, wai tana toshe ƙwaƙwalwa. A ɗaya ɓangaren kuma mai makaranta ya ce maka, "Haba malam, shekararmu nawa a nan, wa ya mutu?" Ni ina ganin duka biyun sun kauce hanya. Bari mu bi abin daki-daki.

Mu fara da maganar kansa, tunda ita ta fi tayar wa iyaye hankali.

Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana haifar da ƙarfi iri biyu a kewayenta waɗanda ido ba ya gani. Akwai ƙarfin lantarki, wannan bango da bishiya suna tare mafi yawansa. Akwai kuma ƙarfin maganaɗisu, shi kam yana ratsa bango, amma yana raguwa da sauri da zarar ka matsa nesa da wayar. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira maikrotesla. Kuma wayar cikin gidanku ma tana fitar da shi, haka fanka da dutsen guga. Bambancin shi ne yaro ba ya wuni rungume da dutsen guga, amma yana wuni a aji.

Maganar ta samo asali ne a 1979 a birnin Denba na Amurka. Wasu masu bincike biyu, Nancy Wertheimer da Ed Leeper, suka lura cewa yaran da suka rasu da kansa sun fi yawa a gidajen da ke kusa da wayoyi masu ɗauke da wuta mai yawa. Daga nan aka shiga bincike a ƙasashe daban-daban. A shekarar 2000 aka tattara sakamakon bincike tara wuri ɗaya, sai aka ga cewa yaran da ke zaune kullum a inda maganaɗisun ya kai maikrotesla 0.4 ko fiye, haɗarin kamuwarsu da kansar jini ya kusa ninki biyu na sauran yara. Yaran da ke cikin wannan rukunin ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Wannan ne ya sa cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta fitar da rahoto a 2002 ta sanya wannan maganaɗisun a rukunin 2B. Ku riƙe ma'anar 2B ɗin nan da kyau, don a nan masu tura saƙo suke yi mana wayo. Ma'anarsa "mai yiwuwa yana jawo kansa". Taba sigari tana rukuni na 1, wato an tabbatar. Shi 2B rukunin abubuwan da aka ga alama ne, amma hujjar ba ta yi ƙarfin da za a yanke hukunci ba.

Me ya hana a yanke hukuncin? Na farko, wannan ƙarfin ba irin na hoton ƙashi na asibiti ba ne, bai da kaifin da zai karya ƙwayar halitta kai tsaye. Na biyu, an gwada shi a kan dabbobi shekara da shekaru, ba a samu ya haifar da cutar ba. Na uku, akwai wani babban bincike da masanan Jami'ar Oxford suka fitar a Ingila a 2005. Sun ga ƙarin kansar jini a yaran da aka haifa cikin tazarar mita 200 daga babbar waya. Amma sun kuma ga ɗan ƙari a yaran da ke mita 200 zuwa 600, inda maganaɗisun wayar ya riga ya ɓace. Da aka faɗaɗa binciken a 2014, sai aka ga ƙarin ya fi yawa a yaran shekarun 1960, ya yi ta raguwa har ya ɓace a 'yan baya, alhali wayoyin suna nan inda suke. Kun ga ke nan akwai yiwuwar wani abu ne daban a unguwannin yake jawo abin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi lissafi a 2007. Ta ce ko da a ce maganaɗisun ne yake jawo cutar, to cikin yara kusan 49,000 da suka kamu da kansar jini a duniya a shekarar 2000, tsakanin 100 zuwa 2,400 ne za a danganta da shi. Shawararta ita ce kada a firgita mutane, amma idan za a yi sabon gini ko sabon layi, a ɗauki matakan rage kusanci waɗanda ba su da tsada.

Wasu ƙasashen haka suka yi. A Holan, tun 2005 gwamnati ta ba da shawarar kada a gina sababbin gidaje, makarantu ko wuraren renon yara a inda maganaɗisun layi ya wuce maikrotesla 0.4 a matsakaicin shekara. A jihar Kalifoniya ta Amurka, sabuwar makarantar gwamnati sai ta bar ƙafa 100 daga iyakar filin layin kilobolt 50 zuwa 133, ƙafa 150 ga mai kilobolt 230, ƙafa 350 ga mai 500 zuwa 550. Babu wanda ya jira a gama gardamar masana. Sun duba sun ga matsar da harsashin gini kafin a zuba shi abu ne mai sauƙi.

Maganar shanye jini da toshe ƙwaƙwalwa kuwa, babu binciken da ya tabbatar da ita. Don Allah mu daina turawa.

Yanzu ga tsoron da babu gardama a kansa, wanda kuma shi ne muka fi sakaci da shi: wutar kanta.

'Yan uwa, wutar da ke shigowa gidanku bolt 230 ce, kuma kun san tana kisa. Layin da ke unguwa yana shiga taransifoma bolt 11,000 ne ko 33,000. Manyan turakun ƙarfen nan kuwa 132,000 ne ko 330,000, irin layin da ya taso daga Mando a Kaduna ya sauka Kumbotso a Kano. Wayoyin nan tsirara suke, babu roba a jikinsu, iska ce kawai tsakaninsu da mu. Kuma a irin wannan ƙarfin ba sai ka taɓa ba. Idan ka matsa kusa sosai, wutar tana tsallako iska ta same ka. Tsuntsun da kake gani zaune a kai ya tsira ne saboda bai haɗa waya da ƙasa ba. Yaron da ya ɗaga doguwar gora zai ciro ƙwallo daga kan kwano, shi ya haɗa.

Ku ƙara da wannan. Waya tana saki ta yi ƙasa idan rana ta yi zafi kuma lodi ya yi yawa, don haka tazarar da mai gini ya gani da sanyin safiya ba ita ce ta azahar ɗin watan Afrilu ba. Iskar farkon damina tana kaɗa ta gefe da gefe. Sannan makarantar da ta fara da aji uku, in Allah Ya buɗa, bene za a ɗora, a ɗaga rodi, a kafa tankin ruwa da sandar tuta. Kowanne matsowa ne kusa da wuta.

Ku tuna abin da ya faru a Kalaba a watan Afrilun 2017. Matasa irinmu suna gidan kallon ƙwallo suna kallon wasan Manchester United da Anderlecht, babbar waya ta tsinke ta faɗo kan rufin kwanon. Aƙalla mutum bakwai suka rasu, wasu da dama suka jikkata. To ku cire gidan kallo, ku sa ajin 'yan firamare ɗaya, yara sittin a ƙarƙashin kwano, ƙofa ɗaya.

Kuma doka ba ta yi shiru ba. Ƙa'idojin wutar lantarki na Najeriya na 2015 sun ware wa kowane layi filinsa da ba a gini a ciki. Layin kilobolt 330, mita 50, wato 25 kowane gefe. Na 132, mita 30, wato 15 kowane gefe. Na 33 da na 11, mita 11, wato biyar da rabi kowane gefe. Akwai kamfanin TCN mai kula da manyan layuka, akwai hukumar NEMSA mai duba lafiyar kayan wuta, akwai hukumomin tsara birane na jihohi. Duk ginin da ya shiga wannan filin haramtacce ne, ko da dillali ya ba ka takarda mai hatimi goma. Ranar da aka zo rusau, babu wata diyya da za ka dogara da ita.

Wani zai ce, "Malam, mutuwa ai lokaci ne." Gaskiya ne, mun yi imani. Amma mai faɗin haka yana kulle shagonsa da kwaɗo da daddare, yana kuma duba hagu da dama kafin ya tsallaka titi. Tawakkali bai taɓa hana riƙo da dalili ba. Kuma babban mutum da ya zaɓi ya kafa shago a ƙarƙashin waya, shi ya zaɓar wa kansa. Yaro ɗan shekara shida bai zaɓi komai ba, mu muka kai shi muka zaunar.

Wani kuma zai ce, "Idan an rufe makarantar, yaran su je ina?" Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba na raina ta. Muna cikin yankin da miliyoyin yara ba sa zuwa makaranta, kuma sau da yawa mai ƙaramar makarantar nan shi ne ya toshe gurbin da gwamnati ta bari. Shi ya sa ba na goyon bayan a ɗauki hoton makarantar wani a watsa ana zagi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga abin da nake ganin za mu iya.

Na ɗaya, mu auna. Ka samu tef ɗin magina, ko ka ƙirga taku, a ƙasa kawai, daga saitin tsakiyar layin zuwa katangar makaranta. Kada wanda ya ɗaga wani abu sama. Idan ba ku san ƙarfin layin ba, ku tambayi ofishin wuta mafi kusa.

Na biyu, idan makarantar tana wajen filin da doka ta ware, ku kwantar wa iyaye hankali da bayanin da kuka ji yau. Babu dalilin cire yaro daga karatu saboda ana hango turke daga taga.

Na uku, idan tana ciki, a zauna da mai makaranta, da kwamitin iyaye da malamai, da mai unguwa. Abin da za a iya yi gobe a yi shi: a mayar da azuzuwan da ke daidai ƙarƙashin waya zuwa ɗaya gefen, a matsar da filin wasa da wajen taron safe, a dakatar da ɗora bene, kada a dasa doguwar bishiya a wajen. Sannan a sa lokacin tashi gaba ɗaya, a rubuta wa ƙaramar hukuma da ma'aikatar ilimi a nemi wani filin. A ajiye kwafin kowace takarda.

Na huɗu, a koya wa yara da malamai abu ɗaya: idan waya ta faɗo, ko ba ta tartsatsi, a ɗauka da wuta a jikinta. A yi nesa da ita aƙalla mita 10. Wanda ya tsinci kansa kusa kada ya ruga da dogon taku, domin wutar tana bazuwa a ƙasa tana iya shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar. Ya haɗe ƙafafunsa ya ja su a hankali har ya yi nisa. Wanda wuta ta kama kuma, kada a cafko shi da hannu.

Na biyar, wannan namu ne matasa. Duk inda muka ga ana haƙa harsashin sabuwar makaranta ko islamiyya a ƙarƙashin waya, mu yi magana tun kafin a zuba kankare. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma mu tambayi masu ba da izinin buɗe makarantu: a cikin takardar dubawarku, akwai layin da ya ce "tazara daga babbar waya"? Idan babu, a sa.

Masana za su ci gaba da bincikensu kan kansar jini, Allah Ya ba su sa'a. Mu abin da ke hannunmu ya ishe mu yanke shawara, tunda nisan da zai kare yaro daga faɗowar waya shi ne kuma yake rage masa maganaɗisun.

Ku tura wa duk wanda kuka san yana da makaranta ko yana shirin sayen fili. Allah Ya tsare mana yaranmu, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.