Tururi da Hayaƙin Farar Wuta: Yadda Sarrafawa ke Sauya Maganin Tianma a Ƙasar Sin

Yau ƙasar Sin muka nufa, kuma za mu ya da zango ne tsakanin gona da shagon mai magani, wato inda ake wanke saiwa, a turara ta, a shanya. Ba a cika waiwayar wannan wuri ba, alhali a nan ake yanke abin da zai shiga cikin mai shan magani.

Akwai wani babban dangin tsirrai da ake kira okid, mai nau'o'i sama da 25,000 a duniya. Yawancin mutane furensa suka sani, na ado. Amma likitocin gargajiya na Sin sun daɗe suna magani da wasu daga cikinsu, kuma wanda ya fi suna shi ne tianma, wanda masana tsirrai ke kira Gastrodia elata. Tun a littafin Shennong Bencao Jing, mai shekaru kusan 2,000, aka ambace shi, haka nan Li Shizhen ya yi bayaninsa a littafinsa Bencao Gangmu da aka buga a 1596. Suna ba da shi ga mai ciwon kai, da mai jiri, da mai sagewar gaɓoɓi, da yaron da ke jijjiga.

Tsiron kansa abin mamaki ne. Ba shi da ganye, ba shi da kore, saboda haka ba ya haɗa abincinsa da hasken rana kamar sauran tsirrai. Yana kwance ne a ƙarƙashin ƙasa kamar dankali, yana cin abinci daga jikin wani nau'in naman kaza mai suna Armillaria, wanda shi kuma ruɓaɓɓen itace yake ci. Shi ya sa aka yi ɗaruruwan shekaru sai dai a haƙo shi a daji. Sai a ƙarni na 20 masu bincike irin su Xu Jintang suka gano yadda za a noma shi. Yau ana nomansa a lardunan Yunnan da Guizhou da Sichuan da Shaanxi, kuma na yankin Zhaotong a Yunnan ya yi fice.

To, an haƙo. Sai me?

Kundin ƙa'idojin magunguna na ƙasar Sin ya ce a haƙa shi daga farkon Nuwamba zuwa farkon Afrilu, a wanke nan take, a turara shi har ya nuna ciki da bai, sannan a busar da shi da zafi kaɗan-kaɗan. Ku lura da "nan take" ɗin nan, don a kansa zancen namu na yau ya rataya.

A cikin saiwar akwai wani sinadari da ake kira gastrodin. Abu biyu ne a haɗe: ƙwayar sukarin gulukos, da wani ƙaramin sinadari da masana ke taƙaita sunansa da HBA. A cikin wannan saiwa dai kuma akwai inzayim, wato irin sinadarin nan da halitta ke amfani da shi wajen tsinke wasu sinadarai. Aikin wannan inzayim shi ne raba gastrodin gida biyu, sukari gefe, HBA gefe. Muddin saiwa na da rai lafiya lau, kowa na ɗakinsa a cikin ƙwayar halitta. Da zarar an yanke ta, ko ta daku, ko an bar ta tana bushewa a hankali tana ɗanya, sai katanga ta rushe, su haɗu, gastrodin ya fara raguwa.

Duk matar da ta taɓa sarrafa rogo mai ɗaci ta san wannan aiki, ko da ba da wannan suna ba. A cikin rogo akwai sinadarin linamarin, shi ma da sukari a manne, da kuma inzayim ɗan dangin wancan. Idan aka goga rogon sai su haɗu, gubar sayanayid ta saki, matsewa da suya su kore ta, a samu garin kwaki lafiyayye. Bambancin shi ne, mai rogo so take inzayim ya yi aikinsa har ƙarshe, mai tianma kuwa so yake ya kashe shi tun bai fara ba. Tururi ke kashe shi. Masu wannan sana'a a Sin suna da kalmarsu a kai: a kashe inzayim, a tsira da sinadari.

Amma aikin tururi bai tsaya nan ba, kuma wannan ɓangaren ne ya fi burge ni. Kaso mai yawa na gastrodin ɗin ɗanyar saiwa ba a sake yake ba, a ɗaure yake a jikin sinadarin tsamin nan da ke cikin lemon tsami. Idan ya ɗauru haka, sunansa parishin. Akwai mai riƙe da gastrodin uku, akwai mai biyu, akwai mai ɗaya. Zafin tururi yana kwance wannan ɗauri, parishin ya ragu, gastrodin ya ƙaru. Ke nan tukunya ɗaya ta yi aiki biyu: ta tare ɓarna, ta kuma buɗe rumbu. Sitacin saiwar ma dahuwa yake, shi ya sa busasshen tianma yake da tauri, in ka karya shi ka ga cikinsa na sheƙi kamar ƙaho. Da wannan alama masu saye suka daɗe suna gane na kirki, tun kafin a san wani abu wai shi gastrodin.

Wani zai ce, to me zai hana a tafasa shi a ruwa kawai, tunda zafi ake nema? Akwai masu yi, don ya fi sauri. Sai dai gastrodin na narkewa a ruwa, wani kasonsa ya bi ruwan dahuwar da za a zubar.

Sai kuma babbar matsalar kasuwa, hayaƙin farar wuta. Saiwa mai kauri tana jinkirin bushewa, ga funfuna, ga ƙwari. Idan aka rufe ta aka ƙona farar wuta a ƙarƙashi, sai ta yi fari tas, ta daɗe ba ta lalace ba, ta ɗauki idon mai saye. To amma hayaƙin nan, in ya haɗu da danshin saiwar, tsami yake zama. Bincike ya nuna yana rage gastrodin da parishin, har ma yana haɗuwa da HBA ya haifar da sabon sinadari da babu shi a tsiron tun asali, wanda yanzu masu gwaji ke bin sawunsa don gane saiwar da aka yi wa hayaƙi. Ragowar hayaƙin kuma yana iya tayar wa mai asma da ciwonsa. Kundin ƙasar ya sa iyaka: yawancin magungunan itatuwa kada ragowar ta wuce miligiram 150 a kowane kilo, amma wasu guda 10, ciki har da tianma, an ba su har 400. A ganina wannan sassauci shaida ce ta yadda al'adar ta yi jijiya a kasuwa, har hukuma ta ga rage ta ya fi hana ta yiwuwa.

Sauran 'yan dangin okid kuwa kowa da nasa salon sarrafawa. Tiepi shihu, wato Dendrobium officinale, karansa ake so. Ana gasa shi a kan wuta marar ƙarfi ana murɗa shi da hannu har ya naɗe kamar dodon koɗi, a kira shi fengdou. Abin da ake tattali a nan shi ne sinadarin yauƙi, wanda kundi ya ce kada ya gaza kashi 25 cikin 100. Ɗan'uwansa Dendrobium nobile kuwa da sinadari mai ɗaci ake auna shi, dendrobine. Shi kuma baiji, wanda ake tsai da jini da shi, ana dafa shi ko a turara har farin da ke tsakiyarsa ya ɓace.

Mu koma kan tianma. Daga bugun kundi na 2015, ana haɗa gastrodin da HBA a auna su tare, kuma jimillarsu kada ta gaza kashi 0.25 cikin 100 na busasshiyar saiwa. Ƙasa da giram 3 ke nan a kilo guda. Abin da bai taka kara ya karya ba a sikeli, amma a kansa ake duk wannan hidima ta tururi da shanya. An haɗa su biyun ne saboda shi ma HBA yana aiki a jiki, hasali ma gastrodin ɗin da mutum ya sha yakan koma HBA a cikinsa. A Nuwamban 2023 kuma hukumomin Sin suka sa tianma da tiepi shihu cikin jerin abubuwan da aka yarda a yi amfani da su a matsayin abinci da magani.

Sai dai a nan zan ja hankalinmu. Auna sinadari ya nuna cewa saiwa ta cika ƙa'ida, bai nuna cewa ta warkar da cuta ba. Wannan sai gwaji a kan marasa lafiya, ƙarƙashin kulawar likitoci. Mai ciwon kai da ya ƙi tafiya, ko mai yawan jiri, ya fara auna hawan jininsa a asibiti kafin ya nemi kowace irin saiwa.

Magungunan Sin na kwalba da na leda sun shigo kasuwanninmu, har da masu tallansu ta intanet. Idan an miƙo muku, sunan itacen da ke jiki bai wadatar ba. Ku duba lambar rajistar hukumar kula da magunguna ta ƙasarku, wato NAFDAC ga mutanen Najeriya, ku duba ranar lalacewa, kuma mai shan maganin asibiti ya gaya wa likitansa kafin ya haɗa. In kuwa saiwa ce tsurarta, ta yi fari fiye da kima, ga wani tsami-tsami mai hawa hanci, to ku bar wa mai ita kayansa.

A nan za mu dasa aya.