Kuɗin Makaranta Lokaci Yake Saye, Ba Ya Sayen Ilimi

Wannan jawabi ne da wani malami daga cikin 'yan uwa, wanda ya daɗe yana koyarwa a manyan makarantu, ya gabatar a Katsina, a wani zama da aka shirya wa 'yan uwa matasa da suka gama sakandare da kuma ɗaliban da suka dawo gida hutu.

Bayan ya yi godiya ga Allah Ta'ala, ya yi salati ga Manzon Allah (S) da iyalan gidansa da sahabbansa, Malam ya fara da ba da labarin wani dattijo manomi da ya taɓa samunsa a gida da safe. Dattijon ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya kuma jinginar da rabin gonar gado, domin ya kai babban ɗansa wata ƙaramar makarantar kuɗi. Abin da ya zo tambaya guda ɗaya ne tak: shin abin da zai saya ya kai abin da ya sayar? Malam ya ce wannan tambaya ta fi ƙarfin dattijon shi kaɗai, domin rabin amsarta yana hannun yaron da za a kai, kuma shi ya sa ya ga ya dace ya kawo ta gaban matasa.

Daga nan sai ya waiwayi tarihi a gurguje. Ya ce jami'a mai zaman kanta baƙuwa ce a ƙasar nan. Waɗanda suka fara ɓullowa a farkon shekarun 1980, gwamnatin soja ta Buhari ta rufe su da doka a 1984. Sai a 1993, zamanin Babangida, aka sake buɗe ƙofa, sannan a 1999 aka ba guda uku lasisi, wato Igbinedion da Babcock da Madonna, dukkansu a Kudu, biyu daga ciki kuwa na 'yan coci ne. Musulmi ba su farga ba sai a 2005, lokacin da aka samu Al-Hikmah a Ilori, da Crescent a Abekuta, da kuma wadda ke nan Katsina a kan hanyar Dutsinma, wadda a yau ake kira Al-Qalam. A 2007 ƙungiyar NASFAT ta buɗe Fountain a Oshogbo. Yanzu jami'o'in kuɗi sun haura 140, amma duk da yawansu ba su ɗauke da ko ɗalibi ɗaya cikin goma na ɗaliban jami'o'in ƙasar nan. Ma'ana dai, mafi yawansu ƙanana ne. Ya ce ban da jami'o'i akwai kwalejojin kiwon lafiya da na horon malamai masu zaman kansu da suka cika garuruwanmu, kuma maganar tasa ta haɗa da su.

Malam ya ce kada wani ya ɗauka son alfahari ne ya kori iyaye zuwa waɗannan makarantu. Tsarin da ke mulkin mutane ne ya kore su. Ya ce a 2024 yara kusan miliyan 2 ne suka yi rajistar jarrabawar JAMB, alhali guraben da ke akwai ba su kusa ɗaukarsu ba. Wanda kuma ya yi sa'a ya shiga ta gwamnati, bai san ranar fitarsa ba. A 2020 malaman jami'a na ƙungiyar ASUU sun yi wata 9 suna yajin aiki. A 2022 sun sake yin wata 8, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Ya ce shi bai ga laifin malaman ba, domin wanda ya ƙi cika alkawari shi ne azzalumi. Amma abin lura, masu sa hannu a yarjejeniyar su ƙi cikawa, nasu 'ya'yan suna Ingila da Dubai, ɗan talaka ne ke zaune a bakin titi yana ƙirga watanni.

"To a nan ne za ku gane abu na farko da ubanku yake saye," in ji Malam. "Lokaci yake saye. Malaman makarantun kuɗi ba sa cikin yajin aikin, saboda haka shekara huɗu tana nan a shekara huɗu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin shekarun samartaka ba a sayar da su a kasuwa. Amma ku lura da kyau, lokaci jaka ce kawai. Wani zai fito da ita cike, wani zai fito da ita yadda ya shiga da ita."

Da ya juya kan tsadar abin, ya roƙi 'yan uwa su yi lissafi tare da shi. Ya ce mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Idan ma'aikaci ya shekara bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, abin da zai tara naira 840,000 ne, kuma a da yawa daga cikin jami'o'in nan wannan bai biya kuɗin shekara guda ba. Bashin karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 kuwa, na ɗaliban makarantun gwamnati ne kaɗai. Haka nan kuɗin TETFund da ake gine-gine da horar da malamai da shi ba ya shiga makarantar kuɗi. Saboda haka duk allon da ɗalibi ya gani, da fankar da ke juyawa a kansa, da man janareta, daga aljihun iyaye suka fito. Ya ce sau da yawa a gidan da aka kai yaro ɗaya irin wannan makaranta, akwai ƙanwa da aka ce ta dakata, akwai ƙane da aka tura koyon sana'a. Duk ɗalibin da ya kwanta barci lokacin lakca, to ya sani haƙƙin waɗannan yake ci, kuma za a tambaye shi.

Abu na biyu da kuɗin ke saye, a cewar Malam, shi ne kusanci, kuma a nan ya fi daɗewa. Ya ce wanda ya taɓa zama a babban ɗakin lakca na jami'ar gwamnati ya san yadda ɗalibai ɗaruruwa ke cunkushewa, wasu a taga, wasu a ƙasa, malami yana magana ba a jinsa, ya gama shekara bai san sunan ko mutum goma ba. A ƙaramar makaranta aji yakan zama mutum ashirin ko talatin. Malami ya san wanda bai zo ba, ya san wanda bai gane ba, ana iya bin sa ofis a ce a maimaita. Ya ce wannan shi ne asalin yadda Musulmi suka san karatu tun kafin zuwan boko. A zauren malami ake zama, gwiwa da gwiwa, a biya, a gyara, sai malami ya gamsu sannan ya ba da ijaza. A wannan gari na Katsina haka su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka yi karatu suka kuma karantar. Ya kawo misali da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, domin kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wajensu da abin da ya ɗauka. A nan ne aka san cewa Shehu Usmanu ya lizimci kawunsa Malam Usmanu Binduri wajen shekara biyu, har ya ɗauki ɗabi'unsa na tsoron Allah da umurni da kyakkyawa da hani daga mummuna, kafin ya bi Malam Jibrilu har Agadas. Ya ce a wancan zamani in ana son sanin darajar mutum, tambaya ake yi, a gaban wa ya zauna?

Malam ya ƙara da cewa su kansu Turawan mulkin mallaka sun san wannan sirri. Da suka so su samar da waɗanda za su riƙe musu Arewa, ba babbar makaranta suka gina ba. Kwalejin Katsina da suka buɗe a 1922 'yar ƙarama ce, ɗalibai 'yan kaɗan, malamai na tare da su dare da rana, a aji da filin wasa. Daga cikinta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito. Ya ce ko mutum yana son abin da aka dasa a can ko ba ya so, dole ya yarda an dasa, kuma ya kama. Ƙaramar makaranta tana ƙera mutum fiye da babba. Don haka kafin a tambayi kyan gini, a tambayi su wane ne maƙeran.

Amma ya gargaɗi 'yan uwa cewa kusancin nan kaifi biyu gare shi. Yadda ka kusanci malami haka ka kusanci abokin ɗaki. Mutum huɗu ko shida ne a ɗaki, an rufe ƙofar makaranta da dare, ba a fita sai da takardar izini, fuskokin da ka gani da asuba su za ka gani da isha'i, har shekara huɗu. A cikinsu akwai ɗan da aka kawo da kuɗin shanu, akwai wanda aka kawo saboda ya gagari iyayensa, suna neman inda za a tsare musu shi. Wannan na biyun ya zo da waya mai tsada, ba ya cin abincin makaranta, kuma a wajensa ne yaro zai fara ganin cacar ƙwallo ta waya da kodin da tiramol, wal'iyazu billahi. Ya ce fitinar ɗan talaka a irin wannan wuri ba yunwa ba ce, domin gari da ƙuli sun riƙe magabatansa. Fitinarsa ita ce jin kunyar talaucin ubansa. Daga ranar da yaro ya fara fatan kada babansa ya zo ziyara a kan tsohon babur, to karatun ya fara cinye shi.

Ya ce maganin wannan ba wani boyayyen abu ba ne. 'Yan uwa su nemi juna tun makon farko, ko su uku ne. Su riƙe jam'in asuba, su sa wa kansu zaman karatun addini ko na rabin awa ne a mako, su kuma zama su ne na gaba a aji, domin ɗalibin da ke faɗuwa jarrabawa ba wanda zai saurari wa'azinsa. Ya ja hankalinsu cewa da yawa daga cikin makarantun nan ba sa barin ƙungiyar ɗalibai, kuma tun ranar shiga ake sa hannu a takardar alkawari. Wanda ya sa hannu ya cika, domin Musulmi ba ya saɓa alkawari, kuma kora a makarantar kuɗi ba ta da wuya, ba a kuma mayar da ko kwabo. Kira a irin wannan wuri da hali ake yinsa. Wanda ya ƙi satar amsa alhali kowa na yi, ya riga ya yi jawabi.

Daga nan Malam ya sauya murya, ya ce akwai wata magana mai ɗaci. Makarantar da ke rayuwa da kuɗin ɗalibi tana jin tsoron rasa ɗalibi. Masu tsoron Allah daga cikinsu suna kayar da wanda ya faɗi ko ɗan wane ne. Amma akwai waɗanda suka mai da ɗalibi mai sayayya, ba a ɓata masa rai. Akwai inda za a ga sunayen farfesoshi a takarda, ashe malaman aro ne daga jami'ar gwamnati, su zo Asabar da Lahadi su dunƙule karatun wata uku su tafi. Wanda ya biya kuɗi don kusanci, ya ƙare bai sami ko wanda zai tambaya ba. Ƙarshen wannan hanya, in ji shi, shi ne abin da ya fallasa a watan Disamban 2023, lokacin da wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya sayo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6, bai taɓa zama a aji ba, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, daga baya Ministan Ilimi na lokacin ya ce sama da mutum 22,000 ne ke yawo da irin wannan kwali. Malam ya ce wanda ya sayi kwali ya ci albashi da shi, ya tambayi kansa hukuncin abincin da yake kai wa iyalinsa. In kuwa kwalin na aikin asibiti ne, to maganar ta wuce ta dukiya, ta koma ta jini.

Saboda haka ya shawarci duk wanda za a kai irin wannan makaranta da kada ya bari a biya ko sisi sai ya bincika. Jami'a ce, a duba sunanta a jerin hukumar NUC, kuma a tabbata an amince da ainihin fannin da zai karanta, domin makaranta na iya zama da lasisi alhali wani fanni nata bai samu amincewa ba. Kwalejin horon malamai ce, hukumarta NCCE. Ta fasaha ce, NBTE. Aikin jinya da ungozoma kuwa suna da majalisarsu, in ba ta san makarantar ba, ba lasisin aiki. A tabbata kuma shigar ta bi ta hannun JAMB, in ba haka ba ranar tafiya hidimar ƙasa za a nemi suna a rasa. Bayan wannan, ya ce, mutum ya taka da ƙafarsa ranar Talata ko Laraba, ba ranar bikin yaye ɗalibai ba. Ya leƙa aji ya ga ko akwai malami, ya leƙa ɗakin gwaje-gwaje ya ga ko kayan suna aiki ko ƙura ta rufe su, ya sami ɗan aji uku a gefe ya tambaye shi sau nawa malaminsa ya taɓa mayar masa da aiki ya ce ya sake.

A lokacin tambayoyi wani ɗan uwa ya miƙe ya ce mahaifinsa na shirin karɓar bashin banki mai ruwa domin ya kai shi, shi kuwa zuciyarsa ba ta kwanta ba. Malam ya ce masa ya koma ya sami mahaifinsa cikin ladabi, ya gode masa, ya roƙe shi ya bari. Ya sake zama JAMB, ya nemi ta gwamnati ko da za ta ɗauke shi shekara shida, ya kama sana'a a tsakani, ya kuma koma zauren malamin unguwarsu da littafinsa, tunda can ba a taɓa neman kuɗin zango ba. Wani kuma ya tambayi me aka gaya wa dattijon mai shanu. Malam ya yi murmushi ya ce an ce masa ya je ya zo da yaron tukuna.

An rufe zaman da addu'a gab da sallar magariba.