Tsaron Gida a Hunturu da Bazara da Damina

Muna gaishe ku daga nan Kaduna, ku mutanen Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa da Malali da Unguwar Rimi da Kabala, da ku na garuruwan da ke kan hanyar Zariya, su Rigachikun da Maraban Jos da Birnin Yero. Yau zancenmu a kan baƙi uku ne waɗanda ba su saɓa alkawari, watau sanyin hunturu, da zafin bazara, da ruwan damina. Kowa ya san watan zuwan kowannensu. Duk da haka kowace shekara sai su tarad da gidaje ba shiri, a yi ta ɗaukar mutane zuwa dispensa. Yawancin wannan ɓarna a cikin gida ta ke aukuwa, a cikin gida kuma a ke iya tare ta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. To, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

HUNTURU: GAWAYI A ƊAKI

Daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu iska ta kan taso daga gabas maso arewa, ta kwaso ƙura daga wani ƙwari da a ke kira Bodele a ƙasar Chadi, ta kawo mana. Da dare a nan Kaduna ma'aunin zafi ya kan sauka ƙasa da digiri 15. Sai uwargida ta zuba garwashi a kasko, ta kai ɗaki, ta toshe taga da tsumma, ta rufe ƙofa, don yara su ji ɗumi. Nufinta alheri ne, amma ta kwana da maciji a ɗaki.

Ga dalili. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta shiga, ya kan fid da wata iska mai dafi, likitoci suna kiranta kabon monokzayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. In mutum ya shaƙe ta sai ta kama jininsa, kamun da ya ninka na iskar kirki fiye da sau 200, jinin ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da su ke bukata. Mai barci ba ya farkawa ya yi kuka. Barcin ne kawai ya ke ƙara nauyi har ya zarce.

Alamunta su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. In mutum biyu ko uku na ɗaki guda suka tashi da ciwon kai lokaci ɗaya, kada a ce mura ce, kada a ce iskokai ne. A buɗe ƙofa da taga, a fid da kowa waje, a kai su asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi. Wanda ya suma, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja.

Hayaƙin janareta shi ma wannan dafin ke cikinsa. Kada a tayar da shi a zaure, ko a shago, ko ƙarƙashin tagar ɗakin kwana. A ajiye shi fili, nesa da ɗakuna. Ba mu kaɗai ke wannan kuskure ba. A watan Fabrairu na 2021 ƙanƙara ta rufe jihar Texas ta Amurka, wutar lantarki ta ɗauke, mutane suka shiga da gawayi da janareta cikin gidajensu, aka kwashi ɗaruruwa zuwa asibiti, waɗansu ba su tashi ba.

To, yaya za a yi da sanyi? A ɗumama ɗaki da wuri, a fid da kaskon waje kafin a kwanta. A shimfiɗa tabarma biyu ko buhu ƙarƙashin shimfiɗa, gama ta ƙasa sanyi ya fi shiga jiki. Riga biyu marasa kauri sun fi guda mai kauri riƙe ɗumi. A sa wa jariri hula da safa. A bar wankan asuba ga yara da tsofaffi, sai rana ta ɗaga. A shafa man kaɗanya don kaushi da faso.

Ku iyaye mata, in yaro ya kama tari, ku ɗaga rigarsa ku ƙidaya numfashinsa na minti guda sa'ad da ya ke kwance shiru. In jaririn wata 2 zuwa 11 ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, ko kuwa kun ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, wannan ciwon haƙarƙari ne, watau nimoniya. Ba a kwana da shi a gida.

HUNTURU: GOBARA

Iskar da ta busar da leɓenku ita ta busar da zana da jinka da karan da aka jingine bayan ɗaki. Tartsatsi guda ya isa. Kun ji yadda Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016, da babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, da ta Katsina a Maris na 2021. Duk a cikin rani ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Maigida, ga aikinka tun kaka. Ka share ciyawa kewaye da gida da rumbu, ka bar fili fes mai faɗin taku goma. Kada ka tara kara da harawa jikin ɗakin girki. Kada a ajiye jarkar fetur a ɗakin kwana. In aka ɗauke wuta, a zare hita da dutsen guga daga bango, gama sau da yawa wutar ta kan dawo bayan kowa ya yi barci. Kyandir da maganin sauro na kunnawa, a aza su kan faranti, nesa da labule da katifa. Samari masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya, ku sani iskar hunturu ba ta tambayar gonar wane ne. Ɓeran da wuta ta kora kuwa gida ya ke shigowa, shi ne kuma mai kawo zazzaɓin Lassa.

A ajiye bokitin yashi kusa da murhu. In mai ya kama wuta a tukunya, a rufe ta da murfi. Kada a watsa ruwa kan wutar mai ko fetur ko ta lantarki. In zanen mace ya kama, kada ta sheƙa da gudu, ta faɗi ƙasa ta yi birgima, a lulluɓe ta da bargo. Ƙuna kuwa, a yi ta zuba mata ruwa mai sanyi har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a tafi dispensa. Ba a sa ɗanyen ƙwai, ba a sa manja, ko gishiri, ko man goge baki.

BAZARA

Da hunturu ya janye, sai Maris da Afrilu su zo da zafin da kan wuce digiri 35, ɗaki mai rufin kwano ya zama kamar tanda. Zafi na kisa. A aikin Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu, yawancinsu saboda tafiya cikin rana. Waɗanda ya fi yi wa illa su ne tsofaffi, da jarirai, da masu juna biyu, da masu hawan jini ko ciwon sukari, da masu aikin ƙarfi a fili.

A sha ruwa tun ƙishirwa ba ta zo ba. Fitsari shi ne ma'auni: in ya yi kaɗan ya yi ja, ruwa ya gaza a jiki. Tsoho ba ya cika jin ƙishirwa, sai a riƙa miƙa masa moɗa. Amma jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi ko da zafi ya kai ina. A ƙara ba shi nono, ita uwar ta sha ruwan. A yi aikin ƙarfi da sassafe da la'asar. A shimfiɗa zana ko kara bisa rufin kwano, a sa silin ko na tabarma ne, a dasa darbejiya ko mangwaro yamma da ɗaki. Mai kwana a tsakar gida ya ɗaura gidan sauro.

In mutum ya faɗi cikin rana, jikinsa ya yi zafi jau, yana sambatu, a kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙe shi da ruwa, a yi ta fifita, a nemi abin hawa nan da nan.

Bazara kuma lokacin sanƙarau ne. Ƙura da bushewar iska su kan yi wa hanci da maƙogwaro rauni, ƙwayar cutar ta sami ƙofa, ta bi numfashi daga wannan zuwa wancan inda aka cunkushe a ɗaki guda. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, yawanci a nan Arewa. A 2017 ya sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da Katsina, mutum fiye da 1,000 suka mutu. Alamunsa zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da sandarewar wuya, da amai. Ga jariri, maɗiga ta kan kumbura, ya ƙi nono. Yana iya kisa cikin kwana guda, amma yana da magani in an kai da wuri. Akwai kuma allurar rigakafi. A 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara yin sabuwar allurar da ke tare iri biyar na cutar. In masu allura sun zo, ku fito da yara. Ku rage cunkoso a ɗaki, ku bar taga a buɗe.

DAMINA

Ruwan farko da iska ya ke zuwa. Tun watan Afrilu a hau a duba kwano, a ƙara ƙusa, a gyara indararo, a yi yaɓe, a sare reshen da ya rataya bisa ɗaki. A yashe kwata, a daina zuba shara a ciki. In ana tsawa, kada a fake gindin itace.

Ku mazauna bakin kogi, ku kasa kunne. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos ya taso. Saboda haka yana iya cika cikin dare ko da ba a yi ɗigon ruwa a garin nan ba. A 2003 ya cika ya batse, ya shiga gidaje a Malali da Unguwar Rimi da Kigo Road da Kabala, dubban mutane suka rasa wurin kwana. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya. Agusta da Satumba su ne watannin tsoro. Kowace shekara hukumar NiMet da hukumar NIHSA su kan ba da sanarwa. In an ce a tashi, a tashi. Tun yanzu maigida ya san gidan da zai kai iyalinsa a kan tudu. A ƙulle takardun gida da katin asibiti da magunguna cikin leda, a rataye sama. In ruwa ya fara shigowa, a kashe wutar lantarki, a fara fid da yara da tsofaffi, kaya daga baya. Kada a ratsa ruwa mai gudu, ko bai kai gwiwa ba yana ka da ƙato. A lokacin marka kuma kada a kwana jikin bangon ƙasa da ya jiƙe ya tsage.

Bayan ruwa ya janye sauran aiki. Ambaliya ta kan haɗa masai da rijiya. Ta haka amai da gudawa ke shiga gari, cutar da ta kashe mutum fiye da 3,000 a ƙasar nan a 2021. A tafasa ruwan sha har ya yi ɓararraka, ko a sa masa maganin kulorin bisa ƙa'idar da ke jikin kwalba. A wanke hannu da sabulu. In gudawa ta kama wani, a dama ƙunshin ruwan gishiri da sukari na dispensa cikin lita guda ta ruwa mai tsabta. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita guda. A yi ta ba shi kaɗan-kaɗan ana tafe asibiti.

To jama'a, kun dai ji. Da kaka a share kewayen gida. Da hunturu a fid da kasko kafin barci. Da bazara a sha ruwa, a buɗe taga, a karɓi allura. Kafin damina a duba rufi da kwata, a san hanyar tudu. Ba ɗaya cikinsu da ke cin kuɗi mai yawa. Wanda ya ji, ya faɗa wa maƙwabcinsa. Wanda kuma wani abu ya shige masa duhu, ya tambayi malamin dispensa, aikinsa ke nan. In ciwo ya fi ƙarfin dispensa, ga Asibitin Kawo, ga na Barau Dikko.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.