Wa Zai Tsaya Tsakaninmu Da Caji Ofis?

Jawabin baƙuwa mai jawabi a taron cikar ƙungiyarmu shekara 10, Sabo, Ibadan



Uwar taro, Hajiya shugaba, ma'aji da sakatariya, iyayena da yayyena, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya ƙara wa asusu albarka. An ce in yi magana a kan zamanmu da 'yan sanda, an kuma ja mini kunne kada in cika ku da turancin lauyoyi. To, zan kiyaye.

Idan yau da daddare aka buga ƙofa aka ce an kama yaronki, wa za ki fara nema? Wata ƙanin miji, wata mutanen gidan Sarki, wata kuma wani da aka ce mata “ya san hanya”. Da wuya ki ji wadda za ta yafa gyale ta tafi da ƙafarta, alhali a kasuwa ba a fi mu baki ba. Abin da ke tare mu shi ne caji ofis wuri ne da ba mu jin maganarsu, su ma ba sa jin tamu.

Wannan kuwa yana da asali. A da, a Arewa, akwai 'yan doka na En'e, 'yan gari ne, sun san gidan kowa. Daga baya aka narkar da su cikin rundunar tarayya, ta zama ɗaya tak a ƙasa, ana tura jami'i duk inda aka ga dama. Saboda haka wanda za ki tarar a kanta yana iya zama mutumin Kalaba ko na Ekiti, bai taɓa zama da Bahaushe ba. Ya tambaye ki sunan mijinki, ki sunkuyar da kai. Ya ce faɗi sunan yaron, ga shi ɗan fari ne, ki ce “wannan yaron”. Ke kunya kike yi, shi kuwa a wurinsa ɓoye-ɓoye ne. Ya ɗaga murya, ki ɗauka wulaƙanci ne don ke Bahaushiya ce. Wani lokaci wulaƙancin ne, ban musa ba. Amma sau da yawa rashin fahimta ne kawai, har kowa ya tashi da ƙullin ɗan'uwansa.

Ba sai na tuna muku Sasa ba. A watan Fabrairun 2021 cacar baki ce ta faro tsakanin mutum biyu a kasuwa, sai ga rayuka sun salwanta, shaguna sun ƙone, mutanenmu suna hawa manyan motoci suna komawa gida. Jita-jita a waya ta riga kowa isa ko'ina. A irin wannan rana ba a fara neman wanda za a yarda da maganarsa. Dole ne a ce an san shi tun ana zaman lafiya, mu mun san shi, Yarbawa maƙwabtanmu sun san shi, DPO ma yana da lambarsa.

Wannan shi ne aikin mai shiga tsakani, kuma hukuma ta san da shi. Tun 1984 akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a da ake kira PCRC, sannan sabuwar dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaro na al'umma. Sai dai in kin leƙa irin waɗannan taruka, sarakunan unguwa ne da shugabannin kasuwa da limamai da fastoci. Allah ya saka musu, suna ƙoƙari. Amma matar da aka daka a gida, ko yarinyar da aka ci wa mutunci a wajen talla, ba za ta buɗe baki a gaban dattawa maza ba. Maganar takan mutu a ɗaki.

Me za ta riƙa yi, wannan da muke magana? Na farko tafinta. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce wanda aka kama, a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Idan an rubuta bayani da Turanci, ita za ta tsaya a karanta a fassara kafin a dangwala yatsa. Sannan ta riƙe 'yan abubuwan da doka ta faɗa ƙarara. Ba a kama uwa ko mata a madadin wanda ake nema, dokar 2020 ta hana. Belin 'yan sanda kyauta ne. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce ba a hana mutum tsaya wa wani beli don kawai mace ce.

Akwai ɗaya kuma da ta shafe mu kai tsaye, ku yi mini haƙuri, iyayena. Bashi ba laifin kamu ba ne, doka ta hana a tsare mutum a kan rigimar bashi ko saɓa yarjejeniya. To, idan mamba ta kasa biyan rance ko ta ci adashi ta yi shiru, muka ba wani kofur na mai ya je ya ɗauko mana ita, mu da kanmu muka koya masa cewa ana sayen kamu. Gobe a kan ɗanki za a saya. Ƙungiya tana da dokokinta, akwai masu tsayawa, akwai kotu.

Aikin yana da ramuka biyu. Idan unguwa ta fara raɗa cewa wance infoma ce, duk abin da ta ji a gidan suna yana isa ofis, shi ke nan, ba mai sake gaya mata komai. Idan kuma ta zama dillaliyar beli, ta karɓi dubu goma ta miƙa bakwai, ta zama wani sabon nauyi a kanmu. Kuma ga mai ɗaci: ba lauyar 'ya'yanmu ba ce ko da gaskiya ko babu. Idan yaro ya yi sara-suka, ba za ta ɓoye shi ba. Abin da za ta tsaya a kai shi ne kada a dake shi, a kai shi kotu kan lokaci, uwarsa ta san inda yake. Ran da 'yan sanda suka gane tana rufa wa mai laifi asiri, ba za su ƙara ɗaga wayarta ba.

Ko Ingila sai da ta koyi wannan da kuka. A 1993 aka kashe wani matashi baƙar fata, Stephen Lawrence, a Landan, 'yan sanda suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi. Iyayensa suka ƙi yin shiru, har aka kafa kwamitin Macpherson, wanda a rahotonsa na 1999 ya ba da shawarar a horar da jami'ai na musamman masu hulɗa da iyalan waɗanda abu ya shafa. Mahaifiyarsa, Doreen, yanzu tana majalisar dattawan ƙasar.

Ga roƙona, Hajiya shugaba. Mu zaɓi mata biyu: dattijuwa wadda ake jin nauyinta, da matashiya cikin 'ya'yanmu haifaffun nan, mai jin Yarbanci da Turanci. Kuɗin motarsu da katin waya su fito daga asusu, a rubuta a littafi, don kada su karɓi ko sisi a hannun mai matsala. Wa'adinsu shekara ɗaya, in sun yi kyau a sabunta. A rubuta wa DPO takarda da sunan ƙungiya, a nemi kujera a kwamitin PCRC, a kuma roƙe shi ya ware mana 'yar sanda mace guda da za mu riƙa kira. Mu gayyace ta taron wata, ta ci tuwonmu, ta ji yadda muke magana. Su biyun nan kuma su je su gaida Iyaloja da shugabannin matan Yarbawa da na Ibo, a yi musayar lamba. Idan wani jami'i ya wuce gona da iri, rundunar tana da sashen karɓar ƙorafi, CRU, tun 2015, su za su rubuta mana.

Wadda take ganin za ta iya, ko ta san wadda ta dace, ta ba sakatariya suna kafin a tashi, a kawo maganar a taron wata mai zuwa. Takardar DPO kuwa ni zan rubuta, ba sai an biya ni ba.