Garinmu Ne Ya Koya Mini Ɗaukar Hoto
(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Kwamitin shirye-shirye ya nemi in yi magana a kan sana'ata ta ɗaukar hoto. To, ba zan iya maganar sana'ar nan ba sai na haɗa da maganar Rano da Kibiya, domin a nan na koyi abin da ya fi riƙe kyamara wuya, wato sanin mutane.

Kowa a nan ya san Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Kano ake kira Sarakunan Baba saboda rini. Amma abin da nake alfahari da shi ya wuce tsufan gari. A ajinmu akwai ɗan manomi, akwai ɗan Fulanin ruga, akwai ɗan Maguzawa daga ƙauye, ga kuma 'ya'yan ma'aikata Yarabawa da Ibo da aiki ya kawo iyayensu. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta ƙara jawo masunta da masu noman rani zuwa wannan yanki. Benci ɗaya muka zauna, bulala ɗaya muka sha.

Wanda ya koya mini aikin ma wani dattijo ne Bayarabe mai shagon hoto. A wurinsa na koyi sa fim, da auna haske, da wanke hoto baƙi-da-fari a ɗakin duhu. A lokacin fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, ba ka kuma ganin abin da ka ɗauka sai an wanke, saboda haka dole mutum ya natsu kafin ya danna. Ya kan ce mini in fara gaisuwa kafin in fito da kyamara. Da na shiga aiki sosai na ga gaskiyarsa. Bafulatani mai kunya ba ya sakin fuska sai kun yi hirar shanu da damina. Gidan kulle ba ka shiga sai da izinin maigida, wani lokaci ma sai dai a fito maka da amarya zaure. Bikin coci kuma yana da nasa tsari, akwai inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa. Zaman da na yi da 'ya'yan waɗannan gidaje a aji shi ya buɗe mini ƙofofinsu.

Sana'ar ta canja ƙwarai. Daga baƙi-da-fari muka koma mai launi, muna kai fim Kano a wanke. Daga nan kyamarar zamani ta zo ta kori fim, har kamfanin Kodak da kansa ya durƙushe a 2012. Yau kowane yaro yana da kyamara a wayarsa. Wasu abokan aikina sun rufe shago, mu kuma muka koma ɗalibai, muka koyi gyaran hoto a kwamfuta da ɗaukar bidiyo.

Kada wani ya raina hoton gida. Malick Sidibé na ƙasar Mali bukukuwa da samarin Bamako ya yi ta ɗauka, amma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a baje kolin fasaha na birnin Banis a Italiya. J.D. 'Okhai Ojeikere na ƙasarmu, wanda ya rasu a 2014, kitson mata ya bi yana ɗauka tun 1968, ga shi duniya ta san shi da wannan aiki. Duwatsun Rano, da hawan salla, da kasuwar Kibiya, ba su gaza waɗannan ba.

Ga abin da ke damuna. Tsofaffin hotunanmu suna lalacewa. Gara tana ci, danshin damina yana manne su, zafi yana kashe launinsu. Mai shago in ya rasu, magada su kan zubar da fina-finansa don ba su san amfaninsu ba. Na waya kuma, ranar da wayar ta ɓata sun tafi. A 2019 aka ɗaga darajar masarautar Rano, a 2024 aka sake tsari, ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure. Jikokinmu za su so ganin fuskokin mutanen da suka ga wannan zamani da wanda ya gabace shi, domin gani ya kori ji.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta kafa ƙaramin kwamiti na tattara hotuna. Kowa ya binciki akwatin gidansu, ya rubuta suna da wuri da shekara a bayan hoto da fensir, tun dattawan da za su gane fuskokin suna raye. Ni na ɗauki nauyin kwafe su a kwamfuta kyauta, a mayar wa kowa nasa, a ajiye kwafi a ɗakin karatu na makaranta. Malamanmu, da ku za mu fara, don mun san akwai hotunan aji a hannunku.