Rijiyar Unguwar Soho da Mutuwar Jarirai: Jawabi a Taron Shekara



Mun saba jin sunan Landan a matsayin birnin tsafta, amma a zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, abin ba haka yake ba. A Ingila ta wancan lokaci, cikin jarirai 1,000 da aka haifa, kimanin 150 ba sa cika shekara guda.

A ƙarshen watan Agusta na 1854, annobar amai da gudawa ta ɓarke a unguwar Soho, inda talakawa ke cunkushe, iyali guda a ɗaki guda. Cikin kwana 10 mutum sama da 500 suka riga mu gidan gaskiya. Masana na lokacin sun ɗora laifin a kan warin iska. Likita John Snow bai gamsu ba. Ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, ya tarar akasarinsu daga famfon Titin Broad suke ɗibar ruwa. Gidan gajiyayyu da ke kusa, mai rijiyar kansa, mutum 5 kacal ya rasa cikin 535. Ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon, ko da yake a lokacin cutar ta fara lafawa, domin jama'a sun gudu.

Daga baya wani limamin coci, Henry Whitehead, ya gano mafarin abin. Wata jaririya ce ta kamu a gida mai lamba 40, uwarta ta wanke tsummokaranta, ta zuba ruwan a masai. Tsakanin masan da rijiyar bai kai taku uku ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne abin da ya biyo baya. An gina manyan magudanun ƙazanta, annobar ta yi ban kwana da Landan bayan 1866, amma mutuwar jarirai ba ta ragu ba sai bayan 1900. Gudawar lokacin zafi ta ci gaba da ɗauke su, ta hanyar ƙuda, da gurɓatacciyar madara, da kwalbar shayarwa marar wankuwa. Aikin hukuma ya tsaya a titi, cutar kuwa tana cikin ɗaki.

Don haka muke roƙon kwamitin ayyuka, kafin a haƙa wata rijiya a garinmu, a auna nisanta da salga mafi kusa, a kuma ware wani abu daga asusu domin ungozomomi su zaga gidaje kafin faɗuwar damina.