Dolen da ke da amfani: darasin rubutu a jami'a

Yau daga Sabon Zango a birnin Accra nake magana, kuma maganar ta shafi duk wanda ya taɓa sayar da sa ko ya taɓa jarinsa don ya biya wa ɗa kuɗin makaranta.

A Jami'ar Ghana da ke Legon akwai darasin koyon rubutun ilimi kashi biyu, ana kiransu UGRC 110 da UGRC 210, Cibiyar Harsuna ta jami'ar ce ke koyar da su. Ba zaɓi ba ne. Ko lissafi yaro ya je karanta, ko aikin gona, sai ya ci su kafin a ba shi digiri. A Amurka kuwa jami'o'i da dama suna da ɗaki na musamman inda ɗalibi ke kai rubutunsa, wani ya zauna da shi su duba tare. Can ana ta muhawara: a tilasta wa ɗalibi zuwa, ko a bar shi da ra'ayinsa?

Ni dai ina bayan tilas, kuma ga dalilina. Yaron Nima ko Mamobi Hausa yake yi a gida, Tuwi ko Ga a titi, Larabci a makarantar allo, sannan a ce ya rubuta shafi biyar da Turanci. Ko ya ci Turancin WASSCE, tsara hujja a takarda wani aiki ne daban. Na ɗanɗana wannan da kaina. Ranar da malaminmu na aikin jarida ya dawo mini da labarina na farko, jan biro ya fi baƙi yawa. Da an ce wanda yake so ya zo a gyara masa, wallahi ba zan je ba, don kunya. To amma kowa aka ce ya zo, sai kunyar ta faɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wani zai ce wanda aka tilasta, gangar jikinsa kawai ke zuwa. Akwai gaskiya a ciki. Amma ku makiyaya, in ranar allurar rigakafi ta zo, ai garken duka ake korawa, ba a jiran sai saniya ta kwanta. Sharaɗin kawai shi ne malami ya nuna wa yaro kuskurensa, kada ya rubuta masa.

Kuma kada mu ɗauka wannan baƙon abu ne. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya zauna Salaga, ya rasu a 1934, tun yana saurayi ya rubuta littafin koyar da tsara wasiƙa da Larabci. Fataken goro sun san wasiƙar da ba ta fita ba tana iya jawo asara. Yau ma haka ne: takardar kwastan, yarjejeniyar filin kiwo, koke zuwa majalisar gunduma, duk rubutu ne. Wanda bai iya ba, sai ya sa hannu a kan abin da wani ya tsara masa.

Saboda haka roƙona gare ku, iyayena: in yaro ya ce yana da wannan darasi, kada a aike shi shago ko kasuwar shanu ta Tulaku a wannan awar. In ya zo hutu, ku ba shi takarda ya rubuta muku wasiƙa, ya karanta, ya fassara da Hausa. A nan za ku ga inda kuɗinku ya shiga.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, ku kai rubutun tun yana ɗanye, ba daren miƙawa ba. Matambayi ba ya ɓata.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.